Babi na Biyar: Wurin da Ya Zo da Adonsa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin taron biki da hantsi, kafin masu dekoreshan su iso da motarsu, ya san abin da ake zuba maƙudan kuɗi a kansa: bango huɗu, tayil, silin, da na'urar sanyaya ɗaki. Ba taga, ba bishiya, ba abin da ido zai sauka a kai ya huta. Mai ɗakin, fili da rufi ya ba ka haya. Daga nan sai ka sake buɗe bakin aljihu, ka kira wasu su zo su lulluɓe bangon da yadi, su rataya labule a silin, su sa wa kujeru riguna, su jera fulawar roba daga ƙofa har dandamali. Sau biyu ke nan ka biya. Na farko kuɗin wurin, na biyu kuɗin ɓoye shi.

Ba haka aka faro ba. A birni da ƙauye, a gida ake biki. Maza su ɗaura aure a masallaci ko a ƙofar gida kan tabarmi, a raba goro da dabino da alawa, a yi fatiha a watse. Mata su yi kamu da sa lalle da wuni a tsakar gida, masu kiɗan ƙwarya a gefe, tukwane na tafasa a bayan ɗaki. Kwalliya kuwa wurinta ɗaya ne, ɗakin amarya. Can gwaggwanni da yayye suke ƙure basirarsu wajen jere, su ɗora kwalla kan kwalla, samira kan samira, tasoshi suna ƙyalli har kusa da rufi. Kuma duk abin da aka jera na amarya ne, da shi za ta zauna. Kwalliyar yau ta awa huɗu ce, kafin amarya ta isa gidanta an kwance ta an loda a mota, gobe tana bikin wasu.

Ba wai ɗakin taro ba shi da amfani ba ne. Gidajen da ake ginawa yanzu a Kano da Kaduna da Abuja ba su da tsakar gidan da za ta ɗauki mata ɗari biyu, mai gidan haya kuma ba shi da ikon tara jama'a yadda ya so. Ɗakin taro yana da ƙofa da masu gadi, yana da banɗaki, da wurin ajiye mota, da janareta. Waɗannan abubuwa ne na gaske, kuma duk wanda zai bar ɗakin taro ya nufi wani wuri dole ya san inda zai samo su. Amma lissafi ya canja. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa makonni kaɗan bayan haka, duk abin da ake jigilarsa ko ake shigo da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. Fulawar roba, da yadin labule mai sheƙi, da fitilu masu walƙiya, kusan duka daga Sin ake kawo su, da dala ake sayo su. Mai dekoreshan ba zaluntarka ya yi ba da ya ninka kuɗinsa. Kai ne ya kamata ka tambayi kanka ko dole ne ka sayi abin da yake sayarwa.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Gaskiya ne idan aka ɗauki tsarin masu kuɗi aka yi ƙoƙarin kwaikwayonsa da kayan banza: fulawar da ta koɗe, rigunan kujeru masu tabon miyar bikin jiya, balan-balan da rabinsu suka sace kafin baƙi su zauna. Wannan ba ya ɓoyuwa, kowa ya shigo zai gani. Amma akwai wata hanya dabam, wato a nemi wurin da tun asali yana da kyansa, ta yadda ba sai an rufe komai ba.

Wuri na farko da ake mantawa da shi shi ne gidan kakanni. Iyalai da yawa a cikin birnin Kano, da Zariya, da Katsina, da Damagaram, suna da tsohon gida na gado wanda jikoki suka watse suka bar wa tsofaffi biyu ko uku. Soro ne mai daurin guga, zaure ya kai ka shigifa, shigifa ta kai ka tsakar gida mai faɗi da bishiya a tsakiya. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe sanyi da rana. Idan an shafe shi da makuba, ko an yi masa zanen dagi a fuska, zankwaye suna tsaye a saman soro, to mai hoto ba ya bukatar wani labule a bayan amarya. Abin dariyar shi ne, yanzu masu dekoreshan suna sassaƙa irin wannan fuskar soron da katako da soso, su yi mata fenti, su kafa a ɗakin taro, a biya su da tsada, alhali na gaskiyar yana can cikin lungu akuya na kwana a gindinsa. Kuɗin da za a ba da na hayar dare ɗaya, in aka sa shi a gidan, zai yi yaɓe, ya gyara makewayi, ya ja ruwa. Biki ya wuce, gyara ya zauna, tsofaffin gidan kuma su sa wa auren albarka da bakin da ya ji daɗi.

Sai dai lungu lungu ne. Mota ba ta shiga, a wasu wuraren ko Adaidaita Sahu sai ta tsaya a bakin titi. Saboda haka irin wannan gida ya fi dacewa da kamu, da sa lalle, da wunin mata, inda galibin masu zuwa 'yan uwa ne da suka san hanya. A sa samari biyu ko uku a bakin lungu su riƙa nuna wa baƙi, su kuma kula da ababen hawa.

Na biyu lambu ne. A gefen kusan kowane babban gari akwai wani ɗan uwa ko abokin mahaifi mai gonar mangwaro ko gwaiba da aka kewaye. Inuwar mangwaro goma ta fi kanofi ashirin sanyi, kuma ba a biyan kuɗin kafa ta. Abin lura kaɗan ne amma mai muhimmanci: a share ƙasa a yayyafa ruwa tun da safe don ƙura ta kwanta, a duba gidan tururuwa da na zuma, a kuma guji lokacin da 'ya'yan itacen suka nuna suna faɗowa, don ƙuda ba ya jiran katin gayyata.

Akwai kuma harabar makaranta. Makarantun kuɗi da Islamiyyu da yawa suna da fili mai katanga, da banɗaki jere, da famfo ko rijiyar burtsatse, da kujeru, kuma ranar da ba karatu ko lokacin hutu ba kowa a ciki. Ga walimar da malama za ta yi wa'azi a ci abinci a tashi, da wuya a sami wurin da ya fi wannan. Sau da yawa mai makarantar ba ya neman fiye da abin da za a ba masu shara da mai gadi, musamman in amaryar tsohuwar ɗalibarsa ce.

Daga nan sai wuraren da suke na hukuma. Gidan Makama da ke kusa da fadar Sarkin Kano, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yanzu gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar tarayya. Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha. A Kaduna akwai lambun Gamji a bakin kogi, inda aka kafa tsohuwar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga da aka ciro daga Zungeru a 1954. A Abuja akwai Millennium Park da aka buɗe a Disambar 2003, ga kuma bakin tafkin Jabi. Duk waɗannan wurare ne da suka zo da adonsu. Amma kowanne yana da masu iko da shi da ƙa'idojinsa, ba kuma kowane irin taro za su yarda da shi ba. Gidan tarihi ba wurin kafa manyan lasifika ba ne, bangon da ya shekara ɗaruruwa ba a buga masa ƙusa. A je ofis da kai, a nemi izini a rubuce, a karɓi rasit. Alkawarin baka da mai gadi ya yi maka ba zai tsaya maka ba ranar da shugabansa ya zo ya tarar da tukunyar shinkafa a harabar. In an hana taro, sau da yawa ana barin ɗaukar hoto, wannan ma riba ce.

Yanzu ga inda mutane suke faɗawa rami. Wuri yana iya zama kyauta amma kai biki can ya fi ɗakin taro tsada. Ɗauki madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwa shimfiɗe iya ganinka, duwatsu, iska mai daɗi, duk amaryar da ta ga hoton wurin sai ranta ya biya. Amma tafiyar ta kai kilomita saba'in daga Kano. Motoci nawa za su kwashi jama'a? Wa zai zuba musu mai? Kujeru, da kanofi, da janareta, da ruwan sha, da kulolin abinci, duk sai an ɗauke su an kai an kuma dawo da su, kuma masu haya suna ƙara kuɗi in kayansu za su bar gari. Sannan a dawo da dare, a kan hanyar da ba kowa ke son bin ta bayan Isha ba, ga kuma kai amarya yana jira.

Akwai ma abin da ya fi kuɗin. Yarinya ta zo da murnarta ta ce, “Umma, mun samo wani wuri a kan dutse, wallahi in kin ga hotonsa.” Uwar ta dube ta ta ce, “To, Hajiya Babba fa? Wa zai goya ta ya hau da ita?” Maganar ta ƙare ke nan, kuma uwar ce da gaskiya. Biki na amarya da ango ne a kati kawai. A zahiri na kakar da ke dogara sanda ne, da gwaggon da ta zo daga Maraɗi da ciwon gwiwa, da maƙwabciyar da ta goyi amarya tana jaririya, da mai jego da ke neman inda za ta shayar. Wurin da waɗannan ba za su iya zuwa ba, ko su zo su rasa inda za su kama ruwa su yi alwala su yi salla cikin sutura, bai yi ba, ko da aljannar duniya ce. Ni a ganina wannan ce tambayar farko, kafin kuɗi, kafin hoto: wa da wa dole su halarta, kuma za su iya zama a nan awa uku cikin mutunci?

Lokaci ma yana yanke hukunci. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman Agusta, duk wanda ya shirya taro a fili ba tare da rufin da za a gudu ciki ba ya yi ganganci, domin hadarin yamma ba ya sallama, iskar da ke gabansa kuma ita ce ke kifar da kanofi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ba a zaunar da mutane a waje kafin La'asar. Lokacin fili shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu, sai dai hunturu yana zuwa da ƙura da sanyin dare, don haka a rufe abinci a kuma tashi da wuri. Mafi arahar sa'o'i a duk shekara su ne tsakanin La'asar da Magariba. Rana ta yi sanyi, haskenta ya yi laushi yadda masu hoto suke so, ba a bukatar fitila, ba a bukatar babban janareta sai ɗan abin da zai ɗauki lasifika. Kiran salla kuma shi ne ke tashin taro, ba sai an kori kowa ba.

Game da tare titi da kanofi kuwa, kowa ya san shi, daga unguwannin Kano har zangon Kumasi da Nima a Ankara. Araha ne ga mai biki, tsada ga mai ɗauke da mara lafiya da ya tarar an rufe hanya. In ba makawa, a zaɓi lungun da ba ya ɓullewa, a gaya wa mai unguwa, a bi maƙwabta gida gida tun da mako guda, a bar hanyar da mutum da babur za su wuce. A kuma san dokar gari. A Kano, Hisba tana sa ido kan tarukan biki, a 2025 kuma hukumar tace finafinai ta jihar ta haramta shagalin da ake kira ranar ƙauyawa. Taro a fili ba shi da katangar da za ta tace masu shigowa, don haka a yi magana da 'yan sintirin unguwa, a ba su abincinsu da ɗan abin goro, saboda masu ƙwacen waya su ma suna bin sautin kiɗa.

To, an sami wuri. Me za a sa a ciki?

Kaɗan. Idan ka duba hotunan kowane biki za ka ga kusan dukansu a wuri ɗaya aka ɗauke su, inda amarya take zaune. Nan ne kawai ya cancanci a kashe masa kuɗi da tunani. Faɗinsa bai wuce taku huɗu ko biyar ba. Sauran filin mutane ne za su cika shi, kuma mutanen nan sun riga sun sayi anko. Wannan shi ne abin da masu shirya biki suke mantawa: mata ɗari cikin atamfa iri ɗaya, da ɗaurin kallabi da gyale, su ne kwalliyar da ta fi kowace girma a wurin, kuma an riga an biya kuɗinta. Saboda haka a fara zaɓen anko, sannan a zaɓi abin da zai zauna a bayansa ba tare da sun yi faɗa ba. In atamfar mai hayaniya ce, bango ya zama fari, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi mai duhu. Launi biyu sun isa, na uku rigima ne.

Kayan kuwa suna nan kusa. A Kasuwar Kurmi akwai tumtum na fata, da faifai masu launi, da ƙorai sassaƙaƙƙu, da tabarmin kaba. A marinar Ƙofar Mata ana samun zane rinannen shuni mai zanen ɗauri, wanda guda uku in aka rataya su a jere sun zama bango. A Kantin Kwari a sayi farin yadi ko mai ruwan madara a bandir, kada a yanka shi gunduwa gunduwa, a naɗe shi a jikin gora ko igiya yadda bayan biki zai koma labulen ɗakin amarya ko zanen gado. Luru da saƙi da gwado, waɗanda suke kwance a ƙasan adakar tsofaffi, in aka shimfiɗa su kan gado ko benci sun fi kujerar sarauta ta roba da ake haya. Faifai ashirin a jikin bango, manya da ƙanana, aikin rabin awa ne da zare da allura, kuma bayan biki a raba wa ƙawaye ko su tafi kicin ɗin amarya. Tulu da randa a gefe biyu, a zuba musu ganyen dabino ko na giginya. Furen nan mai ruwan hoda da ke leƙowa ta saman katangun unguwannin masu hali, wanda masu gidan ke biyan a sare musu, a roƙa a yanko shi, amma ranar bikin da rana, domin ba ya kwana. Sai kaskon turaren wuta biyu ko uku ta inda iska ke shigowa. Baƙo yana iya mance launin labule, amma da wuya ya mance ƙamshin da ya tarbe shi a ƙofa.

In taron zai kai dare, fitilun sola da igiyar ƙananan ƙwayaye masu ruwan ɗorawa sun wadatar, a nannaɗe su a rassan bishiya. Aci-balbal da kyandir suna da kyau a hoto, amma inda yadi ke kaɗawa, yara na guje-guje, mata na jan mayafi, ban ga dalilin kasada ba.

Abin da za a bari ya fi abin da za a saya yawa. Rigunan kujeru: da zarar an zauna ba mai ganinsu, kujera wankakkiya ta isa. Teburi ga kowane rukuni: shi ke jawo mayafin tebur, da fulawar tsakiya, da kwalaben ado, alhali abincin a ƙulle yake cikin roba za a miƙa wa kowa ya tafi da shi gida. A yi teburi kaɗan don dattawa da dangin ango. A kamu da sa lalle ma darduma da matasai sun fi, mata sun fi sakewa a ƙasa, a ajiye kujeru ashirin don masu ciwon ƙafa. Balan-balan ba sa jure rana. Injin hayaƙi, da tartsatsin wuta, da sunan ango da amarya da aka yanka da soso, duk na minti biyar ne.

Na san abin da ke tsaye a maƙogwaron uwar amarya duk tsawon wannan bayani: me dangin miji za su ce? Kada a ce mun gaza. Wannan tsoron ya fi kowane ɗan kasuwa cin kuɗin mutane, shi ke sa a ci bashi, a sayar da fili, a shiga adashin da za a shekara ana biya. Ba a kawar da shi da wa'azi kawai, amma yana da kyau a tuna cewa walimar auren Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Nana Safiyya a kan hanya aka yi ta, tsakanin Khaibara da Madina, a shekara ta 7 bayan Hijira. Shimfiɗun fata aka baza, aka zuba dabino da cuku da man shanu, ba nama ba gurasa. Ta fuskar dabara kuma, abin da ke sa a ce an gaza shi ne a ga alamar an so yin wani abu an kasa. In tsari ya fito da niyya, katin gayyata ya faɗi cewa kamu na gargajiya ne a gidan kakan amarya, aka tarbi dangin ango da turare da shimfiɗa ta musamman, abinci ya wadata ya kuma zo da zafinsa, ba mai cewa an gaza. Abin da mutane ke tafiya da shi a baki shi ne ko sun ci, ko an kula da su. Kuɗin da aka yi tsiminsa daga labule a ƙara shi a tukunya.

Yawancin kayan nan aro za a yi, kuma masu cewa kayan aro ba ya rufe katara ba su hana aron darduma ba. Amma aro yana da nasa sharaɗi, nan ne kuma zumunci ke ɓaci bayan biki. A naɗa mutum ɗaya, ba uwar amarya ba domin ranar ba ta cikin hayyacinta, wata ƙanwar uba ko yayar amarya mai tsanani, ta riƙe littafi: darduma uku daga gidan wance, kuloli biyar daga gidan wane, luru ɗaya na Inna. A manna wa kowane kaya suna a ƙasansa. Kujerun haya a ƙirga su gaban mai su lokacin saukewa, a ware masu tsaga tun a nan, a sake ƙirgawa lokacin lodi, domin duk wadda ta ɓata ko ta karye kuɗin sabuwa zai nema. A yi ciniki da masu shara tun kafin biki, a tanadi buhunan zuba robobi da ledojin ruwa, a bar lambun ko makarantar yadda aka same su kafin Litinin. Mai wurin kuma a kai masa nasa abincin har gida a kula mai kyau, washegari ango da waliyyinsa su je su yi godiya da kansu.